Kawu Fatoma da Baƙonsa na Kuberi

Kawuna ya rasu ranar Talata da hantsi, a zaurensa na Jega Magaji. Ya idar da sallar walha, ya jingina da bango, bai sake tashi ba. Na Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu ya riga mu isa.

An kai shi makwancinsa bayan azahar. Waɗanda ake tsammani sun zo: 'yan kasuwa, mahauta, tsofaffin direbobi, dangi daga Jiga Makera. Su kowa ya san su. Washegari sai wasu suka fara sauka daga babura, daga Aliero, daga Maiyama, har da wani daga Birnin Kebbi. Ba wanda ya san fuskarsu a gidan. Duk wanda ya tsaya bakin ƙofa tambayarsa ɗaya: "Nan ne gidan Fatoma?"

Wani mai gyaran babur daga Maiyama ya zauna, ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya roƙi a nuna masa hoton mamacin. Bai taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai ya sani. Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe ɗan ƙaramin mutum ne."

Liman ya jawo ni gefe.

"Direba, su wa ne waɗanga?"

"Abokan wasansa ne, Malam."

"Wane wasa?"

"Na waya."

Liman ya juya zai koma zaure. Amma wani tsoho, abokin Kawu tun suna samari, ya ji mu. Ya ce da ƙarfi, "Subhanallahi. Dattijo da jikoki, a ce da wasa anka san shi." Babban ɗan Kawu, taubashina, ya sunkuyar da kai. Daga nan bai ƙara ɗaga ido ya dubi baƙin ba.

Ranar addu'ar uku aka kawo wani mutumin Kuberi. An ɗaure shi da rawani a bayan ƙanensa a kan babur, don kada ya faɗo. Da can mahauci ne, sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka sauke shi, aka zaunar da shi kan tabarma. Ya so ya yi ta'aziyya, harshe ya ƙi. Ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya ciro wayarsa da hannun hagu, ya ɗaga ta yana nuna wa mutane, hawaye na zuba. Mutane suka yi ta kallon juna. Ni na gane. Garinsa ne na cikin wasa yake nunawa, ga dakarun Kawu tsaye a ƙofarsa.

Ni ban iya dogon zance ba. Saboda mutumin nan nake ba da wannan labarin.

Ga yadda wasan yake. Kowa yana da garinsa a kan taswira ɗaya, kai da mutanen duniya. Ka yi noma, ka tara hatsi da itace, ka gina ganuwa, ka horar da dakaru. Sabon shiga ana ba shi garkuwa ta ɗan lokaci, ba mai iya taɓa shi. Ranar da garkuwar ta faɗi, tsofaffin 'yan wasa suna nan kewaye suna jira. Su ƙone garin, su kwashe rumbu. Mafita ɗaya ce, ka samu shiga runduna, wato ƙungiyar da ke kare mutanenta. Kujerun runduna kuwa ba su da yawa, ba mai son ɓata kujera kan mai rauni.

Kawu ne shugaban rundunarmu. Idan shugaba ya daɗe bai buɗe wasa ba, wasan da kansa yake miƙa shugabanci ga wanda ya fi kowa ƙarfi. A wurinmu wannan surukin Kawu ne, mijin babbar 'yarsa, dillalin albasa a Aliero. Ya sha faɗa a fili cewa ranar da runduna ta zo hannunsa zai share masu rauni. Mutumin Kuberi ya fi kowa rauni. Tun a zaman makoki abin da ke cina ke nan.

Sana'ar Kawu saukar baƙi, ita ya gada. Fatake su zo kasuwar Jega da kaya, su sauka gidansa, ya ba su ɗaki da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya nuna musu wanda za su yi ciniki da shi da wanda za su guje wa. Ina ƙarami na ga zauren nan cike da buhuna da baƙin harsuna. Daga baya ciniki ya koma ta waya. Mota ta zo da safe ta juya da yamma, ba mai kwana. Zaure ya yi wayam, gwiwoyinsa kuma suka hana shi zagayen kasuwa. Surukin nan nasa ne ya saka masa wasan don ya rage zaman shiru. Daga baya ya ce ya yi da-na-sani, da kunnena na ji.

Kawu bai yi boko ba, kamar ni. Da gurbinsu da launinsu ya haddace maɓallan. Muna da zauren hira a waya, na rundunarmu, can yake magana da saƙon murya. Kullum da hantsi sai ya bi taswira yana neman sabon gari mai garkuwa. In ya ga suna irin namu, sai ya sa a gayyato mai shi. Tambayarsa ba ta canzawa.

"Daga ina? Wa kas sani nan? Ka ci abinci?"

Mutane suna dariyar ta ƙarshen. Shi ba da wasa yake yi ba. Yana cewa mai yunwa ba ya riƙe bayani, a bar shi ya ci tukuna.

Farkon abin, Inna matarsa ta ji shi a zaure yana cewa, "Alhamdu lillahi, baƙona ya iso lahiya." Ta tashi ta ƙara gari a tukunya, ta sa aka share ɗakin baƙi da ya daɗe a rufe. Aka kawo kwano zaure, ba kowa sai Kawu da waya. Ta ce, "Ina baƙon?" Ya nuna mata wani ɗan gari a fuskar waya. Ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "To, ka ba shi ya ci." Ta bar kwanon ta koma ciki. Ranar ni na cinye tuwon.

Ni ma baƙonsa ne. Motar albasa nake ja daga Aliero zuwa kudu. Wata rana da mun wuce Koko burki ya tsinke. Duk waɗanda ke gaban mota tare da ni ba wanda ya fita sai ni, ni ɗin ma ƙafar hagu ta tsaya a asibiti. Aka dawo da ni gidan mahaifiyata. Na juya fuska bango. Ba na magana, ba na son a yi min. Masu wa'azi sun zo, masu kuka sun zo, duk na ba su baya.

Kawu yana zuwa bayan la'asar. Bai taɓa ce min in yi haƙuri ba. Sai ya zauna bakin gado, ya buɗe wasansa, ya ƙure ƙara, yana faɗa da mutanen da ba na gani. Na tsani ƙarar nan. Wata rana ya ɗora wayar a ƙirjina.

"Riƙe min, bayi za ni. In ka ga ja ya taso, danna nan."

Ya fita. Bai dawo da wuri ba. Ina jin muryarsa a tsakar gida yana hira da mahaifiyata kan farashin gero. Ja ya taso a gefen waya, yana walƙiya, wani abu yana kuka kamar ƙaho. Na yi niyyar in ƙyale. Ban san lokacin da na danna ba. Da ya dawo ya duba, ya ce, "Ka makara, sun kwashe min itace. Gobe ka yi sauri."

Ita ce ranar da na fara magana. Na ce, "Ka ce min ja kawai, ba ka ce da sauri ba."

Ya ce, "Ashe da baki. Direba, ƙahwa anka yanke ma, ba yatsa ba."

Ba a jima ba ya buɗe min gari nawa. Shi ne kuma daga baya ya samo min rumfar cajin waya a bakin tasha, inda nake zaune har yau.

Yana da dokokinsa. Ba ya karɓar wayar baƙo ya danna masa, ko baƙon zai wuni yana lalube. Yana barinka ka yi ƙaramin kuskure, babba ne kawai yake tarewa. In garkuwarka ta kusa faɗuwa, sai ya kwaso dakarunsa ya jibge a ƙofarka, su zauna har ganuwarka ta tashi. Saboda haka garinsa bai taɓa girma ba. Dakarunsa kullum suna ƙofar wani, hatsinsa kullum yana hanyar garin wani. Waɗanda ya saukar sun zo sun wuce shi ƙarfi, wasunsu ko gaisuwa ba su ƙara yi ba. In an kira salla kuwa sai ka ji muryarsa, "Kowa shi aje, gari ba ya gudu." Ko ana tsakiyar yaƙi ne.

Ba waliyyi ba ne. Bakinsa da kaifi, kuma ba ya karɓar gyara. Ya taɓa sa wani malamin makaranta barin runduna saboda ya kira shi mai kan kabewa a gaban kowa. An ce ya ba shi haƙuri, ya ce ai kabewa abar miya ce.

Tsofaffin 'yan wasa ba su taɓa son tsarinsa ba. Wasu na cewa su ba wanda ya koya musu, an ƙone su sun tashi, kowa ya bi ta nan. Wasu in sabon shiga ya yi tambaya sai su tura masa dariya kawai. Wasu na taimako, amma sai sun tabbatar kowa ya gani. Babbar hujjarsu ita ce yawancin baƙi ba sa zama. Ka ba mutum hatsinka, ka tsare masa ƙofa, bayan 'yan kwanaki ya goge wasan ko sallama babu. Wannan gaskiya ne, na gani sau da yawa.

Surukinsa ne babbansu. Amma suruki ba ya fuskantar uban matarsa, ko a waya. Sai ya turo saƙo a zauren hira kamar da ni yake.

"Direba, a gaya wa Baba, wanga sabon da anka kawo ko noma bai iya ba. Runduna muke, ba gidan marayu ba."

Kawu yana ji, kowa yana ji. Shi ma sai ya turo.

"Direba, gaya wa mutumin Aliero, ranar da yaz zo neman ɗiyata ko gaisuwa bai iya ba, kuma mun ba shi."

Ni ban taɓa isar da saƙon kowa ba. Haka suka yi ta yi, ina tsakiya.

Sau ɗaya abin ya wuce raha. Kawu ya sauki wani baƙo mai ladabi, mai yawan "ranka ya daɗe". Ashe ɗan leƙen asirin wata runduna ne. Ya zauna a zaurenmu yana jin lokacin da dakarun kowa ke fita. Wata Juma'a muna masallaci suka faɗo mana. Da muka fito rabin garuruwanmu na cin wuta, na surukin ya fi kowanne ɓaci. Ya daɗe yana gina garin nan. Ranar bai ce "a gaya wa Baba" ba. Ya ce, "Baba, kai kaj jawo muna wanga." Ban taɓa jin ya yi masa magana kai tsaye ba sai ranar.

Kawu bai ba da haƙuri ba. Ya ce, "Baƙona ne. Ɓarnar baƙo mai masauki ka biya." Ya buɗe rumbunsa ya raba wa waɗanda aka ƙone, har bai bar wa kansa ƙwayar hatsi ba. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar ba, kowa ya sani. Aka kafa doka daga ranar: duk wanda ba ya cikin runduna, ba ya cikin zauren hira. Kawu ya yarda da dokar. Da gari ya waye, da hantsi, ya koma bin taswira yana neman sabon gari.

Mutumin Kuberi shi ne baƙonsa na ƙarshe. Ƙanensa yana yanka a kasuwar Jega, shi ya ba Kawu labari: tun da ciwon ya same shi ya daina ci sai an matsa, ya daina ƙoƙarin magana, yara na dariyar yadda bakinsa ke karkacewa. Kawu ya kira ni.

"Kai kas san bangon ga. Kai za ka tai."

Na hau mota da sanduna na tafi Kuberi. Na same shi a ɗaki, fuska a bango, kamar an ɗauko ni an ajiye. Ban iya dabarar Kawu ba. Na ce masa kawai, "Wani tsoho a Jega ya ce ka ci abinci?" Na kunna masa saƙon. Ya saurara. Na sake kunnawa.

Bai taɓa iya wasan ba, gaskiya ke nan. Hannu ɗaya, kuma ba shi ne hannun aikinsa ba. Yakan tura dakaru inda ba a ce ba. Ya taɓa rushe rumbunsa da kansa. Amma kullum da safe yana turo gaisuwa a zauren hira, da muryar nan tasa mai nauyi da ba a gane rabinta. Wasu na wucewa ba su buɗe ba. Kawu sai ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya maimaita, ya maimaita, har ya tsinci abin da aka ce, sannan ya amsa masa dalla-dalla, har da tsokana. "Sarkin hwawa, ka ce akuya ta haihu ko ka ce matarka ta yi hushi? Hwaɗi kuma." Shi kuwa sai ya sake faɗa, ya fi na farko fita.

Matarsa ta gaya wa ƙanensa, shi ya gaya min: tun asuba yake zama yana gwada gaisuwar shi kaɗai kafin ya danna. Ya koma cin tuwo. Ya fara kiran 'ya'yansa da sunansu.

Na san abin da kora za ta yi masa. Ba gari za a ƙone ba kawai. Za a cire shi daga zauren, gaisuwar safe ta rasa inda za ta. Na san inda mutum yake komawa daga nan, na kwanta a wurin.

Bayan addu'ar bakwai na je wurin taubashina. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, bawana nake ce masa, shi ma haka. Ranar ban samu bakin wasa ba. Na same shi a zaure yana naɗe tabarmi.

"Yaya, wayar Kawu nika so. Ba ɗauka zan yi ba. A gabanka zan buɗe, in danna abu ɗaya, in ba ka."

"Mi za ka danna?"

"Shugabanci zan mayar hannun wani kafin shi faɗa inda bai dace ba."

"Shugabancin mi?"

Ya san amsar.

Ya ce, "Ka ji abin da anka hwaɗi a zaman makoki. Ubana ya yi shekaru yana saukar mutane a garin ga, an manta, sai wasa. Yanzu kuma ƙasa ba ta bushe ba ka zo min da wasa."

"Akwai mutum a ciki, Yaya."

"Akwai marayu a cikin gidan ga. Wayar nan gado ce. Malam ya ce ko allura kada a taɓa sai an raba. Tana cikin akwati da agogonsa da carbinsa, an kulle. In na buɗe maka, gobe mi zan ce wa ƙannena?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Na so in ce dannawa ɗaya ba ta rage wa maraya komai. Amma hukuncin ba nawa ba ne, kuma na ga idonsa. Na ɗauki sanduna. Ina bakin ƙofa ya ce, "Bawana." Na juyo. Ya ce, "Ka ci abinci kafin ka tai." Ban ci ba.

Daga nan sai jira. Ina rumfa, wayoyin mutane na caji a gabana, ni kuwa tawa ce a hannu. Kowane lokaci ina buɗewa in duba sunan da ke saman runduna. Har na ba wani wayar da ba tasa ba, sai da ya dawo yana zagi. Dakarun Kawu suna nan a ƙofar mutumin Kuberi, ba mai iya kiran su gida, ba mai iya ƙara musu hatsi. Suna cin abin da ya rage a rumbunsa. In ya ƙare za su watse. Mutumin Kuberi kuwa bai fasa gaisuwar safe ba. Ni nake amsawa, amma ban iya tsokana ba, "lafiya lau" kawai nake cewa.

Wata safiya na buɗe, sunan ya canza.

Ban tura saƙo ba. Na rufe rumfa na hau mota zuwa Aliero. Na sami surukin Kawu a kasuwar albasa, zaune kan buhu a ƙarƙashin rumfa, ana loda wata babbar mota a gabansa. Rabona da wurin tun kafin haɗarin. Warin albasa da hayaƙin mota suna nan yadda na bar su.

"Direba! Kai da kanka? Ku ba shi buhu shi zauna."

Muka gaisa, muka sake yi wa juna ta'aziyya. Ya rame. Ya ce, "Na san abin da ya kawo ka."

"To."

"Babban yaƙi ya matso, ka sani. Akwai wani ƙaƙƙarfa daga Argungu, garinsa ya yi biyun nawa, shina jiran kujera. In bai samu wurinmu ba, wurin abokan gabarmu za shi. Kujera ɗaya nika bukata. Ka gaya min wa zan cire in ba wanga ba."

"Baƙon Baba ne."

"Baƙon Baba ne ya ƙone ni." Ya ɗaga murya har masu lodi suka waigo. Ya sassauta. "Direba, ba mugunta ba ce. Mutane sun zuba lokacinsu a nan, su ma suna da hakki. Baba ya yi nashi, Allah shi saka mai. Ni ban iya ba. Ko saƙon mutumin ban iya saurare, in na buɗe sai in ji kamar Baba zai amsa."

Ya juya yana duban motar. Na bar shi har ya gama.

Na ce, "Kujera ɗaya kac ce, Alhaji."

"Ɗaya."

"Ɗauki tawa."

Ya dube ni. "Hauka kaka yi? Ka san su wa ke kewaye da garinka. Kafin magariba sun ƙone ka."

"Na sani."

"Kuma doka doka ce. In ka fita runduna ka fita zaure. Ba zan karya ta don kai ba."

"Na sani."

"Kai ka fi shi amfani sau nawa. Wanga ba lissafi ba ne."

"Ka samu kujerarka. Na Argungu ya fi ni, ya fi shi. Mi ya rage?"

Ya ciro hula ya shafa kai, ya mayar. Wani ya zo da maganar buhuna, ya kore shi da hannu. Can ya ce, "Har a gama yaƙi. Bayan nan ban yi ma alkawari ba."

"Da gaisuwarsa ta safe."

"Ni ba ni gane maganarsa."

"Ka kara a kunne. Ka maimaita."

"Ban yi alkawarin wanga ba."

Ban ƙara roƙo ba. A gabansa na ciro waya na danna fita da kaina, don kada ya zama shi ya kore ni. Ya sa aka ɗora min ƙaramin buhun albasa a mota. Na karɓa.

Ba su kai magariba ba. Ina cikin mota tsakanin Aliero da Jega ja ya taso. Na kashe ƙarar, na sa wayar a aljihu.

Yanzu garina toka ne, in na tara ɗan itace su dawo su kwashe. Wannan bai dame ni sosai ba. Shirun ne ban saba ba. Da, tun safe wayata ke kawo muryoyi, wannan na faɗa, wancan na dariya. Yanzu sai ƙarar janareta da ta 'yan kamasho.

Mai gyaran babur na Maiyama yana kirana ya ba ni labari. Ya ce washegarin fitata mutumin Kuberi ya turo gaisuwarsa kamar kullum. Ba wanda ya amsa. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Shi mai gyaran ya ce yana tsakiyar aiki, bai gani ba sai daga baya. Wajen la'asar sai ga saƙon surukin Kawu, gajere. Ya ce, "Lahiya lau, Sarkin hwawa. Ban ji ta ƙarshen ba, hwaɗi kuma."

Surukin ya sake amsawa washegari. Rana ta gaba bai yi ba, mai gyaran babur ne ya amsa. Haka ake ciki, wata rana a amsa da wuri, wata rana sai yamma. Ina kiran mutumin Kuberi da kaina, amma a kira yana rikicewa, harshen ya ɗaure, ya fi sakewa in shi ya shirya ya danna. Ya tambaye ni me ya sa ba ya jin muryata a zaure. Na ce wayata ce ta cika. Ban sani ba ko ya yarda.

Yaƙin bai fara ba tukuna. In an gama ban san abin da za a yi da shi ba, kuma ba ni da sauran kujerar da zan bayar. Kullum da safe ina jiran kiran Maiyama, ina tsoron ranar da zai ce an cire shi.

Allah ya gafarta wa Kawu kaifin bakinsa, ya karɓi abin da ya yi da hannunsa, ya ba Inna da marayunsa haƙuri. Wanda ya san shi da murya kawai, ya sa shi a addu'a, ya isa.

Yana maƙabartar gabas da gari, ta hanyar gulbi, kusa da ƙanwarsa, mahaifiyata, da ta riga shi. Sanduna suna nutsewa a yashin wurin, don haka daga bakin shinge nake tsayawa.